Ranar da Na Dafa Soson Fasinja

Ni dai tun farko ban so a shigo mini da abin nan gida ba. Na faɗa, kuma da babbar murya na faɗa, don kada gobe wani ya ce Likita ta yi shiru.

Likita ni ce. Ba wai na taɓa riƙe allura ba. Shekara ashirin da takwas na yi ina wanke ɗakin tiyata a asibiti, daga ni sai bokiti da tsumma da bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ne maigidana ya laƙaba mini sunan don tsokana, ya kuma bi ni har yau. Shi kuwa Direba kowa ke ce masa, har 'ya'yan cikinsa idan shaƙiyanci ya motsa musu. Shekara talatin da ɗoriya yana jan babbar mota, kafin ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Da ya farfaɗo ya dubi bargon da aka rufe shi da shi, ya ce, "Sun ɗauke ƙafar kuloci." Daga wannan maganar sai ya rufe baki.

Mutumin da idan ya fara labarin hanya sai ka nemi kujera, shi ne ya dawo gida ya juya wa duniya baya, ya sa fuska a bango. Abinci cokali biyu, wata rana ko ɗaya. Wata huɗu muna haka. Likitan gaskiya ya ja ni gefe ya ce, "Idan bai ci ba, dungun nan ba zai gama warkewa ba, kuma kin fi ni sanin abin da ke biyo baya." Na sani mana. Ina ji ina gani mijina yana zame mini kaɗan-kaɗan, kuma tsoro ya hana ni zama wuri ɗaya.

To me zan yi? Abin da na iya shi na yi. Na share, na goge, na sake gogewa. Zanin gado kullum sabon wanki. Hannun ƙofa, ƙafafun gado, bakin taga, har igiyar fanka. Na ga abin da datti ke yi wa ciwo da idona, na ga ƙato ya shiga tiyata lafiya lau, ƙazantar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba ta kai shi ƙasa. Na rantse a ɗakin nan ba za a yi haka ba.

Ana cikin wannan sai ga Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji. Ta shigo tana nishi, ta dire wani akwatin gilashi a kan teburin da ke kusa da gadon babanta, ta koma ta kawo jarkokin ruwa, ta kawo wata 'yar baƙar na'ura mai waya, sannan ta buɗe wata roba.

Na leƙa, na ja da baya. "Innalillahi! Ke Auta, wannan wane irin abu ne?"

Shi ba kifi ba, shi ba kwaɗo ba, ƙadangare ma ba zai yarda ɗan'uwansa ne ba. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Fari ne sol da ɗan ja-ja, kamar jaririn da aka haifa yanzu ba a ko goge shi ba. Kai faffaɗa, idanu 'yan mitsi-mitsi, a kowane gefen wuya wata jar geza guda uku tana kaɗawa. Baki kuwa a shimfiɗe, wai shi murmushi yake yi.

"Salamanda ne, Mama," in ji Auta. "Irin wanda ba ya fita daga ruwa. Da gezar nan yake numfashi. Ɗan'uwansa ne ya cije masa ƙafar gaba, shi ya sa aka ware shi, na roƙa aka ba ni. Ƙafar za ta sake tsirowa."

Raina ya ɓaci, na ce, "Ke kam ba ki da ta ido! Ubanki na kwance da ƙafa ɗaya, ki rasa abin kawo masa sai mai tsirar da ƙafa? Izgili za ki yi masa?"

Sai muka ji wani sauti daga gado. Wallahi na ɗauka shaƙewa ya yi, har na zabura. Ashe dariya ce. Direba ya juyo, ya tokara da gwiwar hannu, ya ƙura wa abin ido. Can ya ce, da wata murya duk tsatsa, "Kujerar gaba babu kowa. Ku sa fasinjan a nan."

Shi ke nan suna ya zauna: Fasinja.

Auta ta zauna bakin gado ta yi ta yi wa babanta karatu. Ruwan sai da sanyi, idan ya yi ɗumi Fasinja zai galabaita, don haka a riƙa daskarar da ruwa a gorunan roba ana jefawa a ciki. Ba a sa tsakuwa, haɗiyewa yake yi. Ruwan famfo sai an ɗiga masa magani ya kwana a bokiti kafin a zuba, kuma kaɗan-kaɗan ake canzawa. Tsutsar ƙasa yake ci. Na matso in ji sauran, sai yarinyar nan ta ɗaga mini hannu ta ce, "Mama, wannan ki bar mana, ni da Baba." A gidana! Na haɗiye maganar, amma ban manta ba.

Gaskiya dai, ko ba na so, sai na faɗa: abin ya yi aiki. Direba ya samu mota. Akwai wani ɗan ma'aunin zafi manne a gilashin, shi yake dubawa kamar yadda yake duba zafin inji. "Likita, allura ta hau, kawo ƙanƙara!" Ni ce karen motar, ina zarya tsakanin firji da ɗaki. Da kansa yake riƙe tsutsa da hantsaki ya sa a gaban hancin Fasinja. Shi kuma sakaran sai ya tsaya yana kallo kamar ba shi ake kira ba, can sai wuf! ya zuƙe ta. Direba ya ce, "Ka ga ɗan banza, sai an roƙe shi." Na ce, "A wurin wa ya koya?" Ya harare ni, ya ja farantinsa ya cinye tas.

A sati na uku wani ɗan tsiro ya fito a dungun Fasinja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. A na shida ya fara rabuwa. Kullum da safe Direba zai sa tabarau ya ƙirga yatsu. Ban taɓa jin ya ce wani abu game da tasa ƙafar ba, ni ma ban tanka ba. Yana ci, yana magana, dungunsa ya bushe, wannan ya ishe ni.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Baƙar na'urar nan mai tace ruwa, akwai soso a cikinta. Ran nan Auta ta buɗe ta a gabana, na ga soson. Subhanallahi! Ya yi ruwan ƙasa, ya yi yauƙi, wani kauri-kauri na ɗiga daga jikinsa. Ta ɗan matse shi a tsohon ruwan da ta kwashe, ta mayar da shi haka nan da dattinsa. Na ce a raina, yaran zamani, digiri har biyu amma ba a iya wankin soso ba. Kuma wannan ƙazanta tana zaune taku ɗaya daga ciwon mijina. Ina shara ina tunaninsa, ina girki ina jin warinsa a hancina, ko da yake ba ya wari. Sati biyar ina fama da kaina.

Ranar da Auta ta kai babanta asibiti a duba dungun, ƙofa na rufuwa na naɗe hannun riga.

Kada a ce na yi ganganci, don ban yi ba. Na kwashe Fasinja a roba da ruwansa, a hankali. Na wanke akwatin ciki da waje. Na cika shi da ruwan bokitin da ya kwana da magani, daidai yadda na ga suna yi. Soson kuwa na ba shi haƙƙinsa: na jiƙa shi a bilic, na dafa shi a tukunya har ya tafasa sau biyu, na ɗauraye sau bakwai, na shanya a rana. Ashe shuɗi ne! Na mayar da shi, na rufe na'urar, na tsaya ina kallon ruwa garau kamar babu shi. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Direba ya dawo a gajiye, ya dubi akwatin ya ce, "Yau gilashin mota na ƙyalli."

Na ce, "Daga waje na ɗan goge." Ban san me ya sa na yi ƙaryar ba. Wataƙila hannun nan da Auta ta ɗaga mini ne.

Kwana huɗu lafiya lau. Rana ta biyar Fasinja ya ƙi tsutsa. Direba ya kaɗa ta a gabansa har hannu ya gaji, ko kallo. Rana ta shida ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Gezar nan ja mai kaɗawa ta tsuke, ta koɗe, ta lanƙwaso gaba. Bakin wutsiya ya naɗe. Sai ya taso sama ya yi ta shawagi a karkace, ya yi ƙoƙarin nutsewa ya kasa, ya riƙa sa ƙafar baya yana sosa wuya kamar mai ƙaiƙayi. Auta kuwa an tura ta wani taron horo na kwana biyar, a ranar ce za ta dawo.

Direba ya duba ma'auni, sanyi daidai. Ya sa na kawo ƙanƙara duk da haka. Ya sa na canza tsutsa. Ya sa na kashe fitila, na kunna, na sake kashewa. Da rana ta take na kawo masa abinci, ya dubi farantin, ya ture shi gefen teburi.

"Ni ne," ya ce. "Na cika masa ciki. Ko kuma hannuna ne."

"Wane irin hannunka kuma?"

"Duk abin da ya zauna kusa da ni sai ya ruɓe, Likita. Naman jikina ma bai zauna ba, balle na wani."

Ya cire tabarau, ya kwanta, ya juya fuska bango.

Na san wannan bayan, wata huɗu na yi ina kallonsa. Na fita, na dawo. Na ɗauki tsintsiya, na ajiye. Na buɗe firji na tsaya ina kallon gorunan ƙanƙara, na manta me na zo ɗauka. Na wanke kofin da na riga na wanke. Wani abu na ta sukata a ƙirji, ina ture shi yana dawowa. Ai tsafta na yi. Tun yaushe tsafta ta fara kashe abu? Na sake leƙa ɗakin, Fasinja na karkace a sama, maigida na karkace a gado.

Na ɗauki waya na fita bakin ƙofar gida, na kira Auta. Tana cikin mota, ina jin ƙarar hanya. Na gaya mata halin da ake ciki, ta yi ta jero tambayoyi, ina amsawa. Sai na gyara murya na ce, "Ni kam Auta, a ce misali, wani ya wanke soson nan na cikin na'ura…"

Ta tari numfashina.

"Mama, me kika yi?"

"Misali na ce."

"Mama!"

Na gaya mata. Da bilic ɗin, da tukunyar, da ɗauraya bakwai, don ta san ba aikin wasa na yi ba.

Ta ja numfashi ta ce, "Wayyo Mama. Dattin nan shi ne ransa. Akwai wasu ƙananan halittu da ke zaune a soson, ido ba ya ganinsu, su ke cinye gubar da ke fita daga kashinsa da fitsarinsa. Sai an yi wata biyu kafin su taru. Kin kashe su duka. Yanzu a cikin gubar yake iyo, ita ke ƙona masa geza."

Na jingina da bango. Shekara ashirin da takwas ana biyana albashi don in kashe abin da ido ba ya gani. Ba wanda ya taɓa ce mini a cikinsu akwai na kirki.

"Zai mutu?"

"Ban sani ba. Ku cire shi yanzu-yanzu, ku sa shi a roba da ruwan bokiti mai sanyi. Zan biya ta wurin aiki in yanko tsohon soso daga wani akwatin in taho da shi." Sai ta sassauta murya. "Kada ki gaya wa Baba. Zan ce masa ruwan famfo ne ya canza."

Yarinyar kirki, tana so ta rufa wa uwarta asiri. Na so in karɓa, wallahi na so. Amma mutumin da ya shekara talatin yana sauraron ƙaryar makanikai ba za a sayar masa da wannan ba. Zai gyaɗa kai ya ce to, ya ci gaba da yarda cewa shi ne. Kuma da wannan yardar zai bar abinci har ya bar mu.

Na koma ɗaki. Na tsaya a kansa, na yi wa bayansa magana.

"Baban Auta, ba kai ba ne. Ni ce. Ranar da kuka je asibiti na dafa soson."

Bai motsa ba.

"Na sa masa bilic. Auta ta ce dattin da na wanke shi ke tsare masa rai. Kuma na yi maka ƙarya, na ce gilashi kawai na goge."

A hankali ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya tashi zaune da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Kin dafa?"

"Na dafa."

"A tukunya?"

"Sau biyu."

"Ke wace irin mace ce!" Tsawar har gilashin taga ta amsa. "Wa ya aike ki? Wa ya ce ki taɓa mini inji? Kwana biyu ina nan ina cin kaina, kina kallona, kina shiga kina fita da tsumma! Ke ko ruwan sama kika samu sai kin wanke shi kafin ya sauka!"

Ya yi ta faɗa, ina tsaye ina hawaye. Kunya ta ishe ni, amma a ƙarƙashin kunyar wani sanyi nake ji, don rabon da a daka mini tsawa a gidan nan tun yana da ƙafa biyu. Na gaya masa abin da Auta ta ce a yi. Nan take ya koma direba.

"Kawo farar robar nan. Ba wannan ba, babbar! Bokitin da ya kwana. Tsaya, me kike sawa?"

"Safar hannu."

"Cire ta, duk warin bilic take yi. Ɗauraye hannunki da ruwa zalla. Kada ki kuskura ki taɓa sabulu."

Na tsoma hannuna tsirara a ruwan nan mai fari-fari. Na tallabo Fasinja zuwa cikin ɗan kwano, jikinsa laushi, sanyi, santsi, ba nauyin komai. Sabuwar ƙafar nan da 'yan yatsunta ta dafa babban yatsana. Da sauri na juye shi a roba, garin haka na tuntsurar da rabin ruwan kwanon a ƙasa. Ruwan ya fantsama a kan simintin da na goge da safe.

Na juya zan ɗauko tsumma.

"Bar shi," in ji Direba.

"Ruwan datti ne fa, kusa da ciwonka…"

"Ciwona ya warke tun watan jiya, likita ya faɗa, Auta ta gaya miki. Bar shi. Zauna."

Na jawo kujera.

"Ba can ba. Nan." Ya daki katifa a gefensa.

Na tsaya da hannuwa a sama suna ɗiga, kamar mai shirin shiga tiyata. "Bari in wanke hannu tukuna."

Ya dube ni. Faɗan ya fita daga fuskarsa, abin da ya rage ya fi faɗan ciwo.

"Wata bakwai, Likita. Tun da aka dawo da ni gidan nan ba ki zauna a gadon nan ba. Kin wanke ni, kin juya ni, kin naɗe ni, ko sau ɗaya ban ji fatar hannunki ba sai roba. Kullum ina jin ki kina goge inda na taɓa. Na ɗauka ƙyamata kike yi."

Ni da nake tsoron kada in sa masa cuta, ni da nake ganin hannuna ne abin gudu. Na buɗe baki in yi bayani, na ga bayanin ba zai kai ko'ina ba.

Na zauna. Katifar ta lotsa, kafaɗata ta taɓa tasa. Na ɗora jiƙaƙƙen hannuna a kan gwiwarsa ta hagu, na gangara da shi har inda ƙafar ta ƙare. Wurin da ɗumi, fatar ta yi laushi, ga layin ɗinkin a ƙarƙashin yatsuna. Ya ɗan zabura, sannan ya saki jiki.

"Hannunki sanyi," ya ce. "Kuma kina ƙarni."

"Kai ka ce kada in taɓa sabulu."

Muka zuba wa robar ido. Fasinja ya sauka ƙasa, ya tsaya a kan ƙafafunsa huɗu, bai karkace ba. Gezar ta ɗan motsa sau ɗaya, ta tsaya.

"Zai yi?" na tambaya.

"Ina na sani? Sai dai mu yi gadi har Auta ta iso." Ya miƙa hannu ya jawo farantin da ya ture. "Kuma ba a gadi da yunwa."

Abincin ya huce, awa biyu yana buɗe, da idona na ga ƙuda ya sauka a kai. Na cije leɓe, ya kai loma ta farko, ya kai ta biyu. Ruwan da na zubar yana ta bin siminti a hankali, ya zagaye ƙafar teburi, ya nufi ƙarƙashin gado. Ina kallonsa, duk jikina na ƙaiƙayi, ban tashi ba.